Riga Mai Lamba Huɗu

Takardar gayyata ta je wa mutum bakwai da ke raye, ta je wa iyalan mutum huɗu da suka mutu. Ba ta zo wa ƙanena Fokko ba. Sati biyu yana saukowa kowace safiya da sandarsa, ya buɗe akwatin wasiƙunsa a gidan tsofaffi, ya koma sama da takardun tallan kanti. Bai ce min komai ba. Matar da ke share ɗakinsa ce ta gaya min.

Gayyatar ta bikin cika shekara hamsin ce da nasara ɗaya tilo da ƙungiyar ƙwallon garinmu, Oostmarne, ta taɓa samu a gasar Turai. Ranar Lahadi ta farko a watan Oktoba, a hutun rabin lokaci, za a kira sunan mutum goma sha ɗaya da suka buga wasan a lasifika, kowa ya taka zuwa tsakiyar fili a tafa masa. Fokko ya buga wasan nan, minti casa'in cif. Ina wurin.

Sunana Geertje Wieringa, 'yar gidan Bolhuis. Shekara talatin da huɗu ina wanke wa ƙungiyar nan kaya, tun ana yi da baho da buroshi har aka kawo inji. Gwaggo Geertje 'yan wasa suke ce min, har waɗanda suka girme ni. Makaranta ban yi nisa ba, ina shekara goma sha uku na shiga aikin gyaran kifi a bakin tasha, amma tarihin ƙungiyar nan a Turai ba ya buƙatar dogon karatu. Sau uku muka shiga: 1974, 1981, 2009. Wasa takwas. An ci mu biyar, kunnen doki biyu, muka ci ɗaya. Lakar wasa shida daga ciki ni na wanke ta.

Ga yadda aka yi a wannan ɗayan.

Surukina ne mai kula da kayan wasa a lokacin. Kwana biyu kafin tafiya Bulgeriya bayansa ya riƙe, aka rasa wanda ya san wace safa ce ta wa, aka ce in bi su. Fokko yana da shekara ashirin, sati uku ke nan da ɗauko shi daga ƙungiya ta biyu, an tafi da shi ne kawai don a cika mutane wajen atisaye. Sunansa ba ya cikin sunaye goma sha shida da Sakatare Pothof ya aika wa hukumar ƙwallon Turai tun watan Agusta, kuma wanda ba ya cikin takardar nan ba shi da izinin taka fili.

Da safen wasa, Jurrien Dallinga, ɗan baya mai lamba huɗu, ya kasa fitowa daga banɗaki. Naman otel ne ko ruwa ne, ban sani ba. Ɗan bayan da ke benci kuma ƙafarsa a kumbure take tun wasan farko da muka yi da su a gida. Koci da Pothof suka rufe ƙofa minti goma, suka fito suka ce Fokko zai sa lamba huɗu, kuma yau sunansa Dallinga. Alƙalin wasa bai san ko ɗayanmu ba. A idonsa dukkansu dogaye ne masu farin gashi da jan kunne. Babu talabijin. Ɗan jarida ɗaya ne ya biyo mu, shi ma mijin ƙanwar Pothof ne.

Matsalar rigar ce. Dallinga ƙato ne, Fokko kuwa a lokacin kamar sandar tsintsiya. Ya sa ta, ta zubo masa kamar buhu. Pothof ya ce ko makaho zai gane ba tasa ba ce. Na zauna a kan akwatin takalma a baranda, na juya ta ciki waje, na rage ta yatsa uku-uku ta kowane gefe. Farar riga ce, zaren da ke jakata kuwa baƙi ne, na ƙafar siket ɗina. Da shi na ɗinka.

Mun ci ɗaya da nema. Saura minti shida a tashi, mai tsaron gidanmu yana kwance a ƙasa, ƙwallo ta nufi raga, mai lamba huɗu ya faɗa da kai ya fitar da ita daga kan layi, goshinsa ya haɗu da tirken raga. Ɗinki biyar aka yi masa a girar hagu. A motar da ta kai mu filin jirgi Pothof ya miƙe ya ce idan maganar nan ta fita za a ƙwace nasarar, a dakatar da ƙungiya, gari ya sha kunya. Kowa ya kalli taga. Mu mutanen arewacin ƙasar nan yin shiru ba ya ba mu wahala. Jarida ta fito ta ce Dallinga ya ceci Oostmarne da kansa. Wanda ya tambayi Fokko ɗinkin girarsa sai ya ce ƙofar jirgi ce. A zagaye na gaba aka yi mana kaca-kaca gida da waje. Dallinga ya zama kyaftin. Fokko ya lalata gwiwa a bazarar da ta biyo, ya koma gyaran injin jiragen kamun kifi har ya yi ritaya.

Ni ma na yi shiru shekara hamsin tare da kowa. Ba na wanke kaina. Amma ban taɓa ganin ƙanena yana sauka bene don takardar da ba za ta zo ba sai bana.

Bana ne kuma suka buɗe ɗakin tarihi a ƙarƙashin rumfar 'yan kallo ta yamma. Na hau kekena na je. A bango akwai allon tagulla da sunaye goma sha ɗaya. A tsakiyar ɗakin akwai akwatin gilashi, rigar tana ciki, an sa wa wani mutum-mutumin roba marar kai. Tun daga ƙofa na gane ta, don ƙugunta a tsuke yake. Ƙasa an rubuta Dallinga.

Na nemi ganin shugaban ƙungiya, Wessel Kuiper. Ɗan shekara arba'in da 'yan kai ne, dillalin gidaje. Na sha wanke masa gajeren wando lokacin yana ƙungiyar yara. Sakatariyarsa ta duba littafinta ta ba ni Talata mai zuwa, daga sha ɗaya da kwata zuwa sha ɗaya da rabi.

"Gwaggo Geertje," in ji shi da na shiga, "ke dai ba kya tsufa. Kofi?"

"Ina tsufa. Zauna, ɗan nan, minti goma sha biyar aka ba ni."

Na gaya masa komai, tun daga banɗakin Dallinga har jawabin Pothof. Ya kife wayarsa a kan tebur ya saurara, wannan kam na yaba masa.

"Labari ne mai daɗi," in ji shi.

"Ba don daɗi na ba ka shi ba."

"Gwaggo, takardar wasa da alƙali ya sa wa hannu tana nan, Dallinga ne a ciki. Littafin tarihin ƙungiya, Dallinga. Jarida, Dallinga. Ni da takarda nake aiki."

"Ni da zare. Buɗe gilashin nan ka juya rigar."

"Makulli yana hannun kwamitin tarihi. Kuma ba a taɓa rigar sai da safar hannu."

"Ni na cire jinin ƙanena daga wuyanta da ruwan sanyi da gishiri. Wace safar hannu?"

Ya shafa kai. Ya ce in maganata gaskiya ce, to ƙungiya ta sa ɗan wasan da ba shi da izini ke nan, kuma bai san me hukumar Turai za ta ce ba ko bayan shekara hamsin. Ya ce abu ɗaya garin nan yake da shi na nuna wa baƙi, ko ina so a rushe shi?

"Ina so a kira sunan wanda ya buga. Sauran kai ya dama."

"Ni kaɗai ba na yanke komai a nan. Ki kawo maganar taron 'yan ƙungiya, Asabar ta ƙarshe a wata." Ya ɗan tsaya. "Sai dai fa mai katin zama ɗan ƙungiya ne kawai ke magana a taro. Kina da kati?"

Ya san ba ni da shi. A zamaninmu ba a yi wa mai wanki kati. Ta ƙofar baya nake shiga, ta nan nake fita.

"Doka ce, Gwaggo," in ji shi. "Ba ni na rubuta ba."

Sha ɗaya da rabi ta yi, na tashi.

Kafin taron na je wurin Dallinga. Gidansa yana bayan ganuwar teku. Matarsa Aukje ta kawo kofi, ta buɗe gwangwanin biskit, na ɗauki ɗaya, ta rufe. Shi yana kujerarsa, shekara saba'in da takwas, har yanzu ya cika ta.

"Geertje Bolhuis," in ji shi. "Har yanzu kina cizo?"

"Haƙoran roba ne, amma suna kamawa. Nuna min girarka, Dallinga."

Ya yi dariya, amma ba ta daɗe ba.

"Tun ranar da aka rataye allon nan nake jiran ƙarar kekenki."

"To ka ji ta. Ka je ka gaya musu."

"In ce musu me? Shekara hamsin ina ba da labarin nan, a makarantu, a wurin biki, a gidan rediyo. Jikokina kowa yana da hoton a ɗakinsa."

Hoton ɗaya ne a duniya, shi ma yana jikin bangonsa. Ta baya aka ɗauka, duk ya dushe. Lamba huɗu kawai ake gani a bayan mai faɗawa da kai.

"Kin san wa ya koya min labarin?" in ji shi. "Fokko. A jirgi ya zauna kusa da ni, ina riƙe da ciki, ya ce min ta hagu ƙwallon ta zo, iska tana bayanta, kada ka kuskura ka ce ta dama. Shi ya shirya ni."

"Yaro ne ɗan shekara ashirin da aka tsorata."

"Ni ma ɗan ashirin da takwas ne da aka tsorata. Ban roƙi kowa ba, Geertje. Ina zaune a kan masai aka mai da ni gwarzo."

"Ai ka daɗe da tashi daga masan."

Aukje ta ce ko in ƙara kofi, amma ba ta taɓa butar ba. Na gane, na ɗauki jakata. Ya rako ni ƙofa, abin da ba ya yi wa kowa saboda ƙugunsa.

"Ba zan tashi in yi jawabi ba," in ji shi. "Amma ba zan ce kin yi ƙarya ba. Iyakar abin da zan iya ke nan."

"Ka daɗe kana yin iyakar abin da za ka iya."

Saura maganar kati. Wata maƙwabciyata ta karanta min dokokin ƙungiya daga farko har ƙarshe, muka sami inda aka ce ɗan ƙungiya na iya wakilta wani a rubuce. Fokko yana da kati tun yana shekara tara. Na same shi a bakin taga yana kallon jiragen da ke shiga tasha, yana gaya wa kansa wanda injinsa ke da ciwo.

"Ki bar maganar nan, Geertje. Na buga, na san na buga."

"To me kake nema a akwatin wasiƙa kullum?"

"Takardar likita."

"Likitanka ta waya yake kiranka."

Ya ci gaba da kallon ruwa.

"Mun yi wa Pothof alkawari."

"Pothof ya shekara ashirin da biyu a ƙarƙashin ciyawa. Ba zai ji ba."

"Jurrien fa? Mutumin kirki ne. Duk Kirsimeti sai ya aiko min da kwalbar giya."

"Ka taɓa tambayar kanka dalili? Ni bai taɓa aiko min ba, kuma na fi ka wanke masa datti."

Na ajiye takardar da biro a kan gwiwarsa. Ya daɗe yana juya biron. Da ya sa hannu ya ce, "Kada ki zagi kowa."

"Zan duba."

An yi taron ƙarfe goma na safe a ɗakin cin abinci na ƙungiya. Mutum tamanin da huɗu. Magana tara ce a takarda: wurin ajiye motoci, sabuwar ciyawa, wanda zai gyara rufin rumfar arewa, da irinsu. Duk aka bi su ɗaya bayan ɗaya, kowa ya faɗi ra'ayinsa har wanda ba shi da shi. Daga ƙarshe aka zo zagayen tambaya, inda shugaba ke duba layi-layi yana cewa ko akwai mai sauran magana. A lokacin mutane sun fara sa rigunan ruwa, ƙamshin miyar wake da naman alade ya cika wurin, kuma duk wanda ya ɗaga hannu a wannan zagayen ba a manta masa. Wessel ya wuce layina da sauri. Na ɗaga takardar Fokko sama har ya dawo.

Ban yi dogon jawabi ba. Na ce allon da ke ƙasa ƙarya ne a layi na huɗu. Na faɗi wanda ya buga, na faɗi dalili, na faɗi launin zare.

Wani tsoho mai sayar da tikiti ya ce daga baya, "Gwaggo, tun 1974 kika jiƙa wannan wankin sai yau za ki shanya?"

"Sai yau na sami igiya. Ka rufe baki, Onno, na san wanda ya saci tawul ɗin baƙi a 1981."

Aka yi dariya, ban yi ba. Wata matashiya ta tashi, Hiske, malamar makaranta ce, ita ke riƙe da makullin kwamitin tarihi. Ta ce ai abu ne mai sauƙi, a buɗe a gani. Wessel ya ce ba ya cikin jerin maganganun yau. Wani ya ce a kaɗa ƙuri'a ko za a sa shi a jerin. Aka kaɗa, aka sa. Aka sake kaɗawa ko za a buɗe. Aka amince. Miya tana hucewa.

Mutum wajen talatin suka sauka ƙasa. Hiske ta sa fararen safar hannu, ta zare rigar daga mutum-mutumin, ta juya ta a hankali a kan tebur. Baƙin zaren yana nan, daga hammata zuwa ƙasa, hagu da dama. Ɗinkin hagu ya fi kyau. Na dama na yi shi ne Pothof yana tsaye a kaina yana duba agogo.

Hiske ta ɗaga rigar, ta waiwaya ta dubi Dallinga da ke tsaye a bakin ƙofa. Kowa ya dube shi. Ko yana ɗan shekara goma sha biyar rigar nan ba za ta shige shi ba.

"Jurrien," in ji Wessel, "kana da abin faɗa?"

Dallinga ya ce, "Geertje ba ta taɓa ɓatar min da safa ko ɗaya ba. Ban kuma taɓa jin ta yi ƙarya ba." Ya sa hularsa ya fita.

Na ɗauka an gama. Na manta da mutanena.

Muka koma sama, aka shafe minti arba'in ana tattaunawa. Wani lauya ya ce zare ba hujja ba ne, ana iya rage riga kowane lokaci. Wani ya ce a tuna da iyalin Dallinga. Wani ya ce a tuna da iyalin Bolhuis. Wani ya ce a tuna da miya. Daga ƙarshe aka kafa kwamitin mutum biyar ya bincika, ya kawo rahoto a taron watan Maris. Biki kuwa saura kwana takwas. Don kada kowa ya ji haushi, Wessel ya kawo shawarar a gayyaci Fokko a matsayin baƙo na musamman wanda ya yi tafiyar, ya fito na goma sha biyu.

"Sha ɗaya ne suka buga," na ce. "Ni na ƙirga riguna."

"Gwaggo, kowa ya ɗan sassauta. Haka ake yi."

Hannu saba'in da tara suka tashi. Nawa bai tashi ba, na Hiske ma, da wasu uku da nake jin barci suke.

Takardar ta zo wa Fokko ranar Talata. Da na je na tarar ya jingina ta da tukunyar fure a kan tebur. Na ce masa baƙo na musamman ba ɗan wasa ba ne, kada ya je. Ya ce zai je. Ya ce in goge masa farar riga. Na goge, don in na bari matan gidan tsofaffi suka yi za su ƙona wuyan.

Ranar Lahadi aka tashi da ruwa. Mutum dubu takwas a fili. Ana saura minti goma a tafi hutu aka tara tsofaffin a bakin hanyar da 'yan wasa ke fitowa, kowa da wanda ya rako shi. Ni ina riƙe wa Fokko laima. Aka jera su bisa lamba, shi yana can ƙarshe.

Sai ga Wessel da 'yar rediyon magana a hannu, yana zufa a cikin sanyi. Aukje ta bugo waya da safe ta ce Dallinga mura ta kwantar da shi, ba zai zo ba, ba kuma zai turo kowa ba. Na san irin murar. Gurbin lamba huɗu babu kowa.

"Fokko," in ji Wessel, "ka shiga nan ka wakilci Jurrien. Ka ga an huta, sha ɗaya cif, kamar yadda Gwaggo take so."

Na buɗe baki. Fokko ya taɓa hannuna, ya ce, "To." Ya taka a hankali ya tsaya tsakanin matar marigayi mai lamba uku da Tjeerd Mulder, mai lamba biyar, wanda suka tsare baya tare a ranar. Na bi shi da laima ina tafasa. Na ce masa ƙasa-ƙasa, "Sau biyu ke nan za su yi maka."

Aka busa hutu. Mai lasifika ya fara. Lamba ɗaya ya fita, aka tafa. Lamba biyu, ɗansa ya fita da hoton uban. Lamba uku. Sai murya ta ƙara ƙarfi: lamba huɗu, mutumin da ya fitar da ƙwallo daga kan layi, Jurrien Dallinga. Fili ya ɗauka gaba ɗaya, har da masu buga ƙafa a katako.

Fokko bai motsa ba.

"Fokko, kai ne," in ji Wessel.

"Ban ji an kira ni ba."

"Ai mun yi magana, wakilci za ka yi."

"Na yi masa wakilci sau ɗaya. Ya isa."

Mai lasifika ya sake kiran sunan. Tafin ya ragu. Mutanen rumfar da ke kusa suka fara leƙowa. Wessel ya ce wa Tjeerd Mulder to shi ya wuce, a ci gaba da lamba biyar.

Tjeerd ya ce, "Biyar bayan huɗu take, ɗan nan. Kuma ni na ɗaure masa kai da tawul a ranar. Ba na tsallake shi."

Wessel ya juyo gare ni. "Gwaggo, don Allah ki yi masa magana."

"Ni laima na zo riƙewa."

Mutum uku suna tsaye a tsakiyar fili cikin ruwa suna waiwaye. Alƙalin wasan yau ya leƙo daga ɗakinsa ya nuna agogo. Wasu matasa a rumfar arewa suka fara fito da baki. Wessel ya dubi Fokko, ya dubi tabon da ke girarsa, wanda ya yi fari saboda sanyi. Ya juya mana baya ya yi magana a cikin 'yar rediyon. Ban ji abin da ya ce ba. Gajere ne.

Lasifika ta yi shiru, ta yi ƙara, sannan muryar ta ce, "Gyara. Lamba huɗu, Fokko Bolhuis."

Yawancin mutanen filin ba su san ko wane ne ba. Aka tafa dai, tafin da ake yi wa wanda ba a sani ba. Fokko ya ture laimar ya ce ba ya so, ya shiga ciyawa da sandarsa. Gwiwar nan ba ta bari ya yi sauri, kuma bai yi ƙoƙari ba. Tjeerd ya jira sai da ya kai da'irar tsakiya kafin ya yarda a kira shi. An dawo wasa da jinkirin minti huɗu. An ci mu biyu da ɗaya.

Jarida ta ba maganar layi shida ranar Litinin, a ƙarƙashin sakamakon wasa. Hukumar Turai ba ta rubuto ba, ban sani ba ko akwai wanda ya gaya mata. Allon tagulla har yau Dallinga ne a layi na huɗu, takardar da ke ƙarƙashin rigar ma haka. Hiske ta ce kwamiti ya zauna sau biyu, sun amince da wanda zai riƙa rubuta abin da aka faɗa a zama.

A tasin da ta mai da mu gidan tsofaffi Fokko a jiƙe yake sharkaf. Ya ce ciyawar yanzu ta yi laushi da yawa, ba a jin ƙasa. Na ce idan ciwon huhu ya kama shi kada ya kira ni. Mun kusa kaiwa ya tambaye ni ranar taron Maris. Na gaya masa, na ce zan kawo wata takardar ya sa hannu.

"Bar ta," in ji shi. "Da kaina zan je."

"Kai da ba ka iya magana a gaban mutum uku?"

"Ba doguwa ba ce."

Na ce to. Na ce amma ya sani zan zo in zauna a bakin ƙofa, kuma ya ci abinci kafin ya fito, don sai ƙarshen taro za su ba shi dama.